Fa, Do, So, La

Ni ke riƙe da jitar bes a ƙungiyar makaɗan ikilisiyarmu a Jos lokacin da waƙar Sinach, "Way Maker", ta iso mana. Tun 2015 aka fitar da ita, amma sai da ta gama zaga wayoyin matasa kafin shugabar mawaƙanmu ta ce da ita za mu fita ranar godiyar kaka, ranar da masu sujadar Hausa da masu ta Turanci ke haɗuwa a zama ɗaya.

Babu mai karanta rubutun kiɗa a cikinmu, da kunne muke koyo. Mai kibod ya kara waya a kunne, ya lalubi maɓallai, ya ɗago ya ce, "Fa, do, so, la. Iyakarta ke nan." Muka kwashe da dariya. Mu da muka goge a kan waƙoƙin Panam Percy Paul da na Solomon Lange, wannan ai ta yara ce.

Ashe wuyarta ba a yatsu take ba. Waƙar Littafin Waƙoƙi an san iyakarta: mai jagora ya faɗi lamba, kowa ya buɗe, a yi baiti huɗu ko biyar, a ce amin, a zauna. Wannan kuwa zagaye take yi a wuri ɗaya, sai dai ta yi ƙasa ta yi sama. Duk aikin yana ga sanin lokacin da za ka shiga da lokacin da za ka kame hannunka. Mai gangunanmu, yaro mai zafin jini, ba ya iya haƙurin minti ɗaya bai taɓa faifan tagulla ba, har sai da shugabar ta karɓe sandunansa ta ce ya zauna ya saurara tukuna. Ita kuwa da hannun hagu take magana da mu ta bayanta: in ta juya yatsa, a maimaita, in ta shimfiɗa tafi ƙasa, a sassauta, in ta dunƙule hannu, a tsaya.

Ranar Lahadin hunturu ya sauka sosai. Sanyin Jos ya sa yatsu sun ƙage, tsirkiyoyin jita sun saki, muna ta ɗaure su a ɓoye ana cikin sanarwa. An jibge doya, buhunan masara da acca a gaban bagadi, ga wani zakara ɗaure a gefe. Shugabar ta ɗauko waƙar sama da inda muka yi gwaji. Mai kibod bai ko ɗaga kai ba, ya bi muryarta ya kamo, ya raɗa mini inda muka koma.

Da farko matasa ne kawai ke yi. Iyayenmu na zumuntar mata, cikin zannuwansu iri ɗaya, suna kallo, domin yawancinsu ba da Turanci suke sujada ba. Can sai na ji wani gum, gum daga ɓangarensu. Wata Mama ce ta jawo tukunyar kiɗansu tana buga bakinta. Muryar tukunya da ta bes wuri ɗaya suke zama, in duka biyun suka cika sai kiɗa ya dagule. Na rage nawa, na bar mata tsakiyar. A ganina ta fi mu gane waƙar: kira da amshi ne, abin da suka shekara suna yi tun ba a haife mu ba. Caki ya shigo, guɗa ta tashi.

Shugabar ta dunƙule hannu, muka tsaya cak. Jama'a ba su tsaya ba. Ta sake juya yatsa, muka koma. Fasto ya dubi agogo, ya dubi mai wa'azin da aka gayyato, ya sunkuyar da kai.

Bayan an tashi ina naɗe wayoyi, wani dattijon ikilisiya ya tsaya a kaina.

"Ɗana, wannan waƙar taku baiti nawa ce?"

"Baba, ba ta da yawa. Maimaitawa ake yi."

"To, ku riƙa sanar da mu tun da wuri, mu masu ciwon gwiwa."

A taron dattawa na watan aka yanke wa makaɗa minti goma. A 2020, da waƙar ta ci kyautar Dove a Amurka, mai gangunan ya kai wa Baba labari da murnarsa. Baba ya ce madalla, amma minti goman na nan.