Wasiƙa daga Timia

Aminina,

 Mu nan sanyi ya kankama, lemu ya nuna a garake, motoci sai jigila suke zuwa Agadas.

Ka tuna gardamarmu, da ka dage cewa limaman Katolika ba su san hanyar Abzin ba sai da Faransa ta shigo? To, ka sha kaye. A 1710 biyu daga cikinsu, 'yan ɗariƙar Faransis, Carlo Maria mutumin Janowa da abokinsa Severino, suka baro Tarabulus, suka ratsa Fazzan har Agadas. Ofishin yaɗa addini da Paparoma ya kafa a Roma a 1622 shi ya naɗa Carlo shugaban mishan na Barno, muƙamin da bai kai na bishop ba, a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Roma ta saba da irin wannan naɗi daga nesa. A 1518 ta ba Henrique, ɗan sarkin Kongo, muƙamin bishop na Utika can Tunisiya, shi kuwa gida ya koma ya yi aikinsa.

Ka san abin da ya taso Carlo da Severino? Jita-jita. A Tarabulus ana ta cewa akwai Kiristoci a Kwararrafa, kudu da Barno, masu alamar gicciye. Ni dai wannan hujja dariya take ba ni. Maƙeran Agadas kullum suna ƙera irin wannan alama da azurfa, kuma da an kira salla suna sahun gaba.

Barno dai ba su gan ta ba. Daga Agadas suka bi ayari zuwa Katsina, ciwo ya kama su, su duka biyu suka rasu a 1711. Fatake ne suka mayar da labarin Tarabulus. Wanda ya san ƙishirwar hamada ba zai raina ƙarfin halinsu ba, amma ina ganin waɗanda suka aiko su sun yi ganganci. Kujerar bishop ta Maraɗi, wadda Agadas ke ƙarƙashinta yau, sai 2001 aka kafa ta, aka ba Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso.

In ka leƙa Katsina, don Allah ka tambayi dattawa ko akwai mai labarin baƙin nan biyu, ka rubuto mini. A gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Timia