Yadda Muka Ceto Lemun Malam Babba

Mu ne 'yan aji shida na bana. Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai shiga littafin ƙarshen shekara, ba mu yi dogon musu ba, muka zaɓi labarin bishiyar lemun tsamin da ke bayan wurin alwala. Saura ƙiris mu kashe ta da hannunmu, kuma ba ma so ƙannenmu su sake yin abin da muka yi.

Malam Babba, Allah Ya jiƙansa, shi ya dasa ta a daminar 2022, muna tsaye muna kallo. Ya ce mana shi ƙila ba zai sha lemunta ba, amma mu za mu sha, kuma duk abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga shuka sadaka ce ga wanda ya shuka. Kafin wata daminar ta zagayo Allah Ya karɓi abinsa. Tun daga nan kowa ya ɗauki bishiyar nan tamkar amanar Malam.

To, a nan matsalar ta faro. Mu fiye da sittin ne a makaranta, kuma duk wanda ya yi alwala sai ya juye ragowar butarsa a gindinta. Ruwan wankin allo ma can ake zubawa, tunda wuri ne da ba a takawa. Ranar Alhamis idan an wanke tabarmi da bokitai, ruwan omon ma can yake tafiya. Kowa a ransa lada yake nema.

Azumin 1445 ya kama a watan Maris na 2024, tsakiyar bazara. Duk wanda ke Injamena ya san wannan lokacin: zafi ya haura digiri 40, iska kamar daga bakin murhu take fitowa. Sai ganyen lemun ya fara yin rawaya, ya nannaɗe, ya riƙa zuba. Mu kuwa muka ce ƙishirwa ce, muka ƙara mata ruwa. Muna azumi, maƙogwaronmu a bushe, muna ɗibar jarka muna kwarara mata. Ranar da muka dawo daga hutun Ƙaramar Sallah ganye goma sha ɗaya muka ƙirga a jikinta.

Shugaban makaranta ya tara mu ya ce ba zai bar busasshen itace mai ƙaya a inda yara ke wucewa ba. Idan Babbar Sallah ta zo ba ta yi sabon ganye ba, za a tumɓuke ta a kafa rumfar kwano a wurin. Da yamma Inna, matar marigayi, ta leƙo ta kan katanga ta daɗe tana kallon bishiyar. Ba ta ce mana komai ba. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Wata 'yar ajinmu ce ta ce kakanta yana da lambu a bakin kogin Shari, bari ta roƙe shi ya zo. Ya zo ranar Juma'a da safe a kan kekensa. Muka gaishe shi, muka fara rige-rigen ba shi labari, ya ɗaga mana hannu. Ya sa farce ya kankare ɓawon wani reshe na sama, cikinsa ya fito ruwan ƙasa, a bushe. Ya sauko ƙasa-ƙasa ya sake kankarewa, sai ga kore shar.

“Tana da rai,” in ji shi.

Sannan ya tsuguna ya cusa hannu cikin ƙasar gindin, ya damƙo ya shinshina, ya yamutse fuska. “Almi katir!” ya ce da Larabcin Chadi, wato ruwa ya yi yawa.

Wani a cikinmu ya ce, “Amma Kaka, ai zafi ake yi.”

“Jikana, kai ma ana zafi, amma in na danna kanka cikin randa za ka gode mini? Saiwa ma numfashi take yi.”

Ya bayyana mana cewa ƙasar wajenmu laka ce, mai riƙe ruwa, shi ya sa da damina unguwa ke zama taɓo, da rani kuma ta tsattsage. Idan ruwa ya kwanta a gindin lemu kullum, saiwa sai ta ruɓe, ta kasa tsotsar ruwan da take ciki, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa. Ya nuna mana wani farin abu da ya daskare a saman ƙasa, ya ce gishirin omo ne, yana ƙona saiwa. Da ya tona gefe ɗaya a hankali da 'yar fartanya, sai ga abin da ba wanda ya zata: baƙar ledar da aka raino ta a ciki tana nan a ƙasa. An yage bakinta kawai ranar dashe, saiwoyi sun nannaɗe a ciki kamar gammo, wasu sun yi baƙi suna wari.

Aikin da ya sa mu ga shi nan, ku riƙe. Ya yanke ledar da reza ya zare ta, ya datse ruɓaɓɓun saiwoyi. Ya yanke busassun rassa har zuwa inda kore ya fara. Muka kwashe lakar da muka tara wa gindin, muka mayar da yashin kogi haɗe da takin awaki da ya daɗe ya ruɓe, domin ɗanyen taki ƙuna yake yi. Muka ja kwari a kewaye, taku ɗaya daga gindi, don ruwa ya daina taɓa jikin itacen. Muka shimfiɗa ɓawon gyaɗa a kai, amma muka bar tazara kusa da gindi saboda gara. Muka kafa zana ta yamma ta tare ranar la'asar.

Abin da ya fi mana wuya shi ne kwana goma da ya ce kada a zuba mata ko ɗigo. Sai da muka sa gadi, domin 'yan aji ɗaya suna ta saɗaɗowa da butocinsu.

Bayan haka muka yi karo-karo, kowa sefa 25, muka sayo ƙaramin tulu irin wanda matan Gawi ke ginawa. Muka binne shi a gefe har wuya, muka rufe bakinsa. Ruwa na tsattsafowa ta jikinsa kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda ƙasa ta bushe. Mutum biyu kacal ke da izinin cika shi a kowane mako, kuma sunayensu na rubuce a bango. Ruwan alwala muka juya shi gindin darbejiyar ƙofar makaranta, ita babba ce, ba ya damun ta. Ruwan omo kuwa waje.

Mako uku ba abin da ya canza. Ganyen nan goma sha ɗaya suka koma huɗu. Wasunmu suka fara cewa Kaka ya ƙarasa ta. Sai wata Asabar, ana tsakiyar hadda, wani ɗan aji biyu ya shigo da gudu yana ihu. Muka fita har da Malam. A jikin reshen da aka datse ga wasu 'yan tsiro uku, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kafin Babbar Sallah mun daina ƙirga ganye, shugaban makaranta kuma bai sake tayar da zancen rumfa ba.

Da damina ta sauka ta yi fure fari mai ƙamshi, muka yi ta murna. Kaka ya zo ya ce a tsinke shi duka, bana ƙarfinta na saiwa ne, in ta ɗauki 'ya'ya yanzu za ta koma gidan jiya. Mun tsinke, amma ba da son ranmu ba. Furen muka zuba a faranti muka kai wa Inna, ta karɓa ta sa mana albarka.

Don haka mu dai za mu fita ba mu sha lemun nan ba. 'Yan aji biyar, amana ta dawo hannunku. Kafin ku zuba ruwa ku cusa yatsa cikin ƙasa, in da danshi ku haƙura. Da damina ku buɗe wa kwarin hanya kada ruwa ya kwanta. In ta yi 'ya'ya baɗi, na fari na Inna ne, na biyu na Kaka, sauran kuma kada ku manta da mu.

Allah Ya jiƙan Malam Babba.