Tukunyar Kaka a Birtaniya da ta Ƙasar Hausa

Girkin gida a Birtaniya yana sauya kama daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma sanyi da duhu ne suke sauya shi. A Landan wunin ƙarshen watan Yuni yakan haura awa 16, amma kafin ƙarshen Disamba ba ya cika awa 8. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan kuma magariba takan riski mutum tun bai bar wurin aiki ba. A wannan tsakani ne ake ajiye ɗanyen ganye da gasasshen nama na lokacin zafi, a sauko da tukunya mai nauyi. Abinci iri uku ne suke mamaye ɗakin girki: dahuwar nama da saiwoyi mai kauri, romon kayan lambu da ake sha da cokali, da kek mai kayan ƙamshi.

Kakar ƙasar Hausa tana faɗowa kusan a watannin nan, sai dai ba ta zuwa da sanyi. A Kano ko Damagaram, ranar Oktoba zafi gare ta, ma'auni yakan haura digiri 30, ɗari kuwa sai hunturu ya kankama a Disamba da Janairu. Abin da kaka take kawowa shi ne yalwa: sabon gero, tumu, ɗanyar gyaɗa, wake, kabewa, yakuwa. Saboda haka tukunyar Bahaushe ruwan sama take bi. Tuwo da miya suna nan daram shekara zagaye. Abin da ke canzawa shi ne kayan miyar, ɗanye da damina, busasshe da rani. Baturen Ingila kuwa tsarin abincin ne kacokan yake juyawa idan iska ta juya.

Asalin dahuwar naman Turawan ba a jin daɗi yake ba, a lalura yake. Kafin ƙarni na 18, lokacin da noman saiwoyin ciyar da dabbobi ya yaɗu, manomi ba shi da abin da zai ciyar da garkensa duka har sanyi ya wuce. Don haka wajajen 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da waliyyin Kirista Martin, akan yanka dabbobin da ba za a iya riƙewa ba, a sa wa nama gishiri a adana. Tsohuwar tunkiya da san noma ba su gasuwa, sai dai a dafa su a hankali. A gefe guda kuma gona ta riga ta miƙa abin da ke jure ajiya: albasa, karas, kabeji, sha'ir, wasu saiwoyi masu kama da gwaza, daga baya kuma dankalin turawa. Wutar ɗumama ɗaki tana ci dare da rana, ɗora tukunya a kanta ba ya ƙara kuɗin gawayi. Kowane yanki ya fito da nasa salo daga waɗannan kaya. 'Yan Ayalan suna da tasu ta naman tunkiya da dankali da albasa. A Wales akwai cawl, mai yawan romo da wata doguwar albasa mai kaurin lawashi. A Sikotilan kuma sha'ir da busassun wake ne ke ba romon jiki.

Wadda ta fi nuna dabarar ita ce hotpot ta yankin Lankashaya, cibiyar masaƙun auduga. Masana'antun nan ne suka sa aka kafa kamfanin auduga na BCGA a Manchesta a 1902, wanda manoman auduga na Zariya da Funtuwa suka daɗe suna kai wa kaya. Ana yanka naman wuyan tunkiya, a ɗan soya shi ya yi ja, a jera a gindin tukunya mai zurfi da albasa a kai, a zuba romo kaɗan, ba har ya sha kan naman ba. Sai a fere dankali, a yanka shi fale-fale, a jera a sama yanka kan yanka har ya rufe komai, a shafa masa man shanu. A rufe tukunyar a sa a obin mai sassauƙar wuta, wajen digiri 160, ta yi awa biyu. Can gab da saukewa a cire murfi don dankalin saman ya yi ƙamas-ƙamas, na ƙasa kuwa ya riga ya shanye romo ya narke. An danganta wannan girki da gidajen ma'aikatan masaƙa ne saboda ba ya neman mai tsaro.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar ba baƙo ba ne ga duk wadda ta taɓa dafa ƙafar sa. Ƙauri, wuya, bindi da sauran sassan da dabba ta fi motsawa cike suke da jijiya. Wuta mai ƙarfi ɗaure su take yi. Amma idan zafi ya yi ƙasa aka ba shi lokaci, jijiyar takan narke ta zama danƙo, naman ya saki, romon ya yi kauri har ya daskare idan ya huce. Hikimar da ke cikin ƙaurin da ake dafa wa maijego ke nan. Inda aka rabu shi ne wurin wuta. Murhun duwatsu uku, ko kurfoti, ko risho, daga ƙasa suke dukan tukunya, dole a tsaya ana iza wuta, ana motsawa, ana duba ruwa. Obin kuwa zafinsa kewaye tukunya yake yi ta kowane ɓangare, gindi ba ya saurin kamawa. Murhun Aga, wanda Gustaf Dalén ɗan Suwidin ya ƙirƙira a 1922, ya shiga gidajen masu hali na karkarar Ingila daga 1929 bisa wannan ƙa'ida: ƙarfe mai riƙe zafi, a sa tukunya a manta da ita. Daga baya tukunyar lantarki mai dahuwar sannu ta sauko da wannan sauƙi gidan kowa, musamman bayan fitowar Crock-Pot a Amurka a 1971. Akan zuba kaya da safe kafin a fita, a dawo da dare a tarar da abinci.

Matsayin abincin a kan faifai shi ma daban ne. Miya a ƙasar Hausa mahaɗi ce. Ba a zama a sha miyar kuka zalla a ce an ci abinci. Dahuwar Bature kuwa ita ce abincin gaba ɗaya, nama da abin ƙoshi da romo a kwano guda, sai ɗan burodin da za a suɗe da shi. Abin da ya fi kusa da ita a gida shi ne fate, na wake ko na doya ko na dankali, sai dai a fate nama rakiya yake yi.

Romon kayan lambu bai da wani dogon zance. A soya albasa, a zuba kabewa ko karas ko dankali da ruwan nama, a dafa, a markaɗa da bilenda, wani lokaci a ƙara madara mai kauri. Da rana ake shan sa, sau da yawa a wurin aiki. Wanda ya saba da miyar taushe, inda kabewa take haɗuwa da gyaɗa da yakuwa da alayyahu da tantaƙwashi, zai ji na Turawa salam, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Amma ba aikinsu ɗaya ba: na Turawa ɗumama ciki yake yi, kamar yadda kunun tsamiya ko farfesu suke yi da safiyar hunturu.

Bambancin da ya fi ɗaukar hankali yana wajen kayan ƙamshi. A girkin Hausa, citta da kanumfari da masoro da kimba wurarensu sanannu ne: farfesu, yaji, kilishi, kunu, fura, zoɓo, shayi. A girkin gargajiya na Birtaniya tukunyar nama ba ta ganin waɗannan sai ƙalilan. Gishiri, baƙin masoro da ganyayen ƙamshi sun wadatar. Citta, kirfa, kanumfari da gyaɗar ƙamshi sun koma wajen zaƙi. Ba haka abin yake tun fil azal ba. A ƙarnonin tsakiya masu kuɗin Turai suna jibga kayan ƙamshi a nama don nuna arziki, har da citta mai 'ya'ya ta Afirka ta Yamma, wadda ayarin raƙuma ke ƙetarawa da ita Sahara. Tsadar waɗannan kaya ta kai inda a yarjejeniyar Breda ta 1667 Ingila ta bar wa Holan ɗan tsibirin Run, mai itatuwan gyaɗar ƙamshi, ita kuma ta riƙe Manhattan. Da kayan suka yi araha suka shiga hannun talaka, sai manyan masu girki, Faransawa a gaba, suka juya musu baya a dahuwar nama. Suka maƙale a kek da biskit da kayan Kirsimeti, inda suke har yau. Cittar kuwa ta yiwu daga gida ta fito, domin Kudancin Kaduna, wajen Kaciya da ƙasar Jaba da Kafancan, yana cikin manyan wuraren noman ta da fitar da ita waje.

Kek ɗin da ya fi manne wa kaka shi ne parkin na Yokshaya da Lankashaya. Arewacin Ingila sanyi da danshi sun yi masa yawa ga alkama, hatsin ots ya fi yi, shi ya sa barzajjen ots ne ƙashin bayan wannan kek. Zaƙinsa daga baƙin ruwan rake mai danƙo yake, wanda ke saura bayan an tace sukari. A da shi ne sukarin talaka, kuma daga gonakin raken yankin Karebiyan da bayi suka noma ya riƙa zuwa. Akan haɗa shi da ɗan'uwansa mai ruwan zinariya, wanda Abram Lyle ya soma sayarwa a gwangwani a 1885. Ana narka man shanu da jan sukari da ruwan raken a wuta kaɗan, ba a bari ya tafasa, a juye a kan ots da fulawa da garin citta, a fasa ƙwai, a zuba madara. Kwaɓin yakan yi ruwa-ruwa, wanda bai sani ba sai ya ce ya lalace. A gasa a digiri 140 zuwa 150 na awa guda ko fiye. Sa'an nan sai sharaɗin da yara ba sa so: ba a cin sa ranar. A naɗe shi a takarda a rufe a gwangwani kwana uku zuwa mako guda. A nan ne ots zai jiƙa, saman ya yi danƙo, zafin cittar ya kwanta. Daren 5 ga Nuwamba ake fito da shi, lokacin da ake hura babbar wuta a fili ana wasan tartsatsi don tunawa da kama Guy Fawkes a 1605, bayan yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki da albarushi.

A kudu maso yamma, musamman Doset, kek ɗin tuffa da kirfa ya fi yawa, ana yin sa da tuffa mai tsami irin ta Bramley, wadda uwar bishiyarta aka shuka a garin Southwell a 1809. Zuwa ƙarshen Nuwamba kuma a kwaɓa na Kirsimeti da busasshen inabi, a ajiye shi makonni.

Ƙasar Hausa ba ta rasa zaƙi mai kayan yaji da ke jure ajiya ba. Nakiya ita ce shaida: garin shinkafa, sukari ko zuma, man shanu, citta, kanumfari, masoro, kimba, a daka har ta haɗe, ta yi watanni ba ta ɓaci ba. Amma ita da alkaki da dubulan ba sa jiran wata ko yanayi. Biki suke jira, gara ko suna, kuma sau da yawa ba uwargida ke yin su ba, akwai matan da sana'arsu ke nan, a kai musu kwangila tun da saura makonni. Soyawa da daka su ne hanyarsu, domin gashi a rufaffen wuri aikin masu sana'a ne, kamar masu gurasa a Kano da tanderunsu, ko masu gidan burodi. Kek ya shiga gidajen birni, har da dabarar gasa shi a tukunya mai yashi a gindi da garwashi a kan murfi, amma ya shiga ne ta ƙofar biki da Sallah da murnar haihuwa.

Musulmin da ke zaune a Birtaniya yana da abin lura a waɗannan girke-girke. Dahuwar naman sa da yawa da giya ake yin romonta, wasu romon wake da ƙashin alade ake dafa su, kek ɗin Kirsimeti kuma akan jiƙa shi da barasa. Wanda aka gayyata gidan maƙwabci gara ya tambaya, kuma tambayar ba ta zama rashin kunya a wurinsu. Wanda zai dafa da kansa ba shi da matsala: ruwan nama da tumatir suna maye gurbin giya, mahautan halal kuma suna ko'ina a unguwanni irin su Peckham a Landan da Cheetham Hill a Manchesta, inda ƙauri da wuya da bindi da ƙafa suke samuwa. Parkin da hotpot da ma babu abin ƙyama a cikinsu in dai naman yankakke ne.

Gidajen Hausawa a can sukan ɗauki kayan kakar Turawa su mayar da su tsarin gida. Doguwar kabewa mai siffar gora da ke cika kantuna a Oktoba tana yin taushe, niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba tana tsayawa a madadin ta turmi, garin shinkafa na leda ya zama tuwo. Tukunyar lantarki mai dahuwar sannu kuwa ta dace da farfesun ƙafar sa, wanda a gida yake cin itace da rabin wuni. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji su ne kantunan Turawa ba sa ajiyewa. Sai a shagunan 'yan Afirka, ko a jakar wanda ya dawo daga hutu.