Ina ake ajiye makullin bayanan ƴaƴanmu?

Makarantu da dama sun fara zuba sunayen ɗalibai, makinsu da lambobin wayar iyaye cikin kwamfuta. Ni malami ne kuma uba, abin da ke damuna shi ne inda ake ajiye kalmar sirrin da ke buɗe wannan rumbu.

Mu ɗauki phpMyAdmin, manhajar da ake kula da rumbun bayanai na MySQL da ita. In mai saita ta ya zaɓi shiga kai tsaye, suna da kalmar sirri na nan rubuce ƙarara cikin fayil mai suna config.inc.php. Duk wanda fayil ɗin ya faɗa hannunsa, mai gyara ne ko ɓarawo, zai karanta su, ya canza makin yaro ko ya kwashe lambobin iyaye don damfara.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci tarar kamfanin Facebook Yuro miliyan 91 saboda ajiye kalmomin sirri ba a ɓoye ba.

Iyaye da malamai, mu nemi darektan lakwal ya sa manhajar ta riƙa tambayar kalmar sirri a kowace shiga, a kuma canza ta duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki.