Ɗakin Inna

Ranar da Inna ta fita takaba, na kai mata makullin sashen da na gyara mata a gidana, har da fanka da firij. Ta jujjuya shi a hannu, ta miƙo mini abina.

"Ɗan nan, ƙauye zan koma. Ɗakin da na gada yana nan, awakina ma suna nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Me mutane za su ce, ina cikin birni da rufin asirina, uwata tana ɗakin ƙasa? Wata uku ban taka garin ba.

Ana cikin haka na ci karo da labarin wata mata da ita ma ta rasa miji: Elizabeth, uwar Sarauniyar Ingila. Sarki George na shida ya rasu a Fabrairun 1952, ya bar ta tana da shekara 51. 'Yarta ta hau gadon sarauta, ita kuwa ta tattara kayanta daga fadar Buckingham ta koma Clarence House. Gida ne na alfarma, amma ba nata ba ne.

A shekarar da aka yi mata rasuwar ta ga wata tsohuwar fada a Caithness, can ƙarshen arewacin Sukotland, a bakin teku, duk ta lalace. Ta saya, ta gyara, ta maido mata da sunanta na asali, Mey. Duk tsawon rayuwarta, wannan ne kaɗai gidan da ta mallaka da kanta.

Kowace shekara, da watan Agusta ya kama, can take nufa. Ta leƙa shanunta, ta zaga lambu, ta fita da karnukanta ko da ana iska mai kaɗa mutum. In ta sauka Birkhall kuwa, sai ta zura dogayen takalman roba ta shiga kogin Dee da fatsa, ita da kanta. Ta rasu a 2002 tana da shekara 101. Kusan shekara 50 ke nan tana komawa gidan nan.

Na ajiye waya na yi shiru. Matar da ba ta rasa fada ba ta je neman inda ba wanda ya ba ta aro. Ni kuma ina fushi don Inna ta ƙi zama baƙuwa a gidana.

Ranar Asabar na kama hanya. Na tarar da ita a tsugune tana dama wa awaki dusa. Ba ta tayar da zancen wata ukun nan ba. Ta ba ni fura, ta jira na sha, sannan ta ce:

"Taso ka ga inda ɗakin ke yoyo."