Manchesta: Inda Ake Auna Gashin Cutar Kansa Kamar Zinari

Jirgin ƙasa daga tashar Euston ta Landan zuwa Manchesta bai wuce tafiyar awa biyu da 'yan mintoci ba. Daga tsakiyar gari na hau bas ta bi titin Wilmslow, ta ratsa Rusholme mai jerin gidajen cin abinci na 'yan Fakistan da Larabawa, ta sauke ni a unguwar Withington. Nan asibitin Christie yake, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kansa na Turai. Abin da ya kawo ni shi ne kansar kaluluwa mai suna Hodgkin, wadda likita Thomas Hodgkin ya fara bayyana ta a Landan a 1832. Ta fi kama matasa, kuma takan fara ne da kumburi a wuya wanda ba ya ciwo.

A sashen gashi, inda ake kashe ƙwayoyin kansa da hasken na'ura, an nuna mini robar rufe fuska mai huje-huje. Ana ɗumama ta har ta yi laushi, a shimfiɗa a fuska da kafaɗun maras lafiya, ta sandare da siffarsa. Da ita ake ɗaure shi a gadon na'ura kullum, don kada wuyan ya goce ko kaɗan. Ɗakin da na'urar take bangonsa kankare ne mai kauri. Ma'aikata kan fita su bar mutum shi kaɗai, suna kallonsa ta allo suna masa magana ta lasifika. Kan na'urar ya kewaya shi yana ƙara a hankali, cikin 'yan mintoci an gama. Ba wuta, ba zafi. Idan ciwon na cikin ƙirji, akan koya wa mutum ya ja numfashi ya riƙe, huhu ya cika, zuciya ta ɗan kauce daga hanyar hasken.

Wannan taka-tsantsan tarihi ne ya koyar da shi. A 1950 Dakta Vera Peters ta Toronto a Kanada ta nuna cewa gashi na iya warkar da cutar idan ba ta yi nisa ba, a lokacin da ake ɗaukar ta ajali. Henry Kaplan na jami'ar Stanford a Amurka ya ɗora a kai, ya riƙa gasa wuya da hamata da ƙirji gaba ɗaya da awo mai yawa, wajen Gray 40 (Gray shi ne ma'aunin gashi). Mutane suka warke, suka yi aure, suka haihu. Bayan shekara ashirin ko talatin sai wasunsu suka fara dawowa da ciwon zuciya, ko kansar mama, ko ta huhu. A 2003 sai da hukumomin lafiya na Birtaniya suka nemo matan da aka gasa wa ƙirji suna da shekara 35 ko ƙasa da haka, don a riƙa duba musu mama da wuri.

Daga nan aikin likitoci ya koma neman abin da za a rage. Masu bincike na Jamus da ke Kolon sun fitar da sakamako a 2010 a kan marasa lafiya 1,370 masu cuta a matakin farko mai sauƙi. Zagaye biyu na maganin kemo da Gray 20 a wurin ciwon kawai sun yi aikin da zagaye huɗu da Gray 30 suke yi. Gray 20 kwana goma ne na zuwa asibiti, Litinin zuwa Juma'a, mako biyu.

A nan Christie kuwa, Farfesa John Radford ya jagoranci gwajin RAPID, wanda aka wallafa a 2015, don a ga ko za a iya barin gashin kwata-kwata. Bayan zagaye uku na kemo an ɗauki hoton PET, mai nuna inda ƙwayoyin kansa ke shan sukari. Waɗanda hotonsu ya fito fes aka raba su biyu. Bayan shekara uku, kashi 94.6 cikin ɗari na waɗanda aka gasa suna raye cutar ba ta dawo ba, waɗanda ba a gasa ba kuma kashi 90.8.

A kan wannan 'yar tazara ake zaman shawara a ɗakin likita. Budurwa 'yar shekara ashirin mai ciwo a tsakiyar ƙirji tana iya zaɓar barin gashi don kare mama da zuciya, da sanin cewa idan cutar ta dawo akwai magani na biyu, mai tsanani. Dattijo mai kumburi a gefen wuya lissafinsa daban ne.

Duk wannan zaɓi na wanda ya zo da wuri ne. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, har da namu, kumburin wuya irin wannan sau da yawa maganin tarin fuka ake fara ba shi na watanni. Idan kaluluwa ta ƙi sauka bayan makonni, ciro ɗan yanki a kai ɗakin gwaji shi ne ke raba gardama, kuma a matakin farko fiye da tara cikin goma ne ke tsira.