Na kai fiyano jinya Kano

Da asuba na bar Kaya, fiyanon ɗan ƙanena naɗe cikin bargo kamar majinyaci. Gusau, Tsafe, Funtuwa, sai bayan la'asar muka shiga Kano. Tsohon Yamaha DX7 ne, samfurin da ya fito a 1983. Yaron ya saye shi a gwanjo yana kiɗan biki da shi, har ranar da wutar janareta ta yi sama ta kashe shi. A Mafara shawara ɗaya aka ba mu: a sayar wa 'yan gwangwan.

Washegari aka kai ni wurin wani matashi mai gyara a Sabon Gari, shagonsa bai fi akurkin kaji ba. Ya canza abin da ya ƙone a sashen wuta, fiyano ya ƙi motsi. Sai ya zaro wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu 28, tsawonsa bai kai yatsa ba.

"Baba, nan hankalinsa yake. In wannan ya tafi, sauran duk ƙarfe ne."

Manhajar ciki ke nan, wadda ke gaya wa na'urar abin da za ta yi idan an danna maɓalli. Duka-duka kilobait 16 ce, ko hoton waya ɗaya ya fi ta nauyi. Ya ɗora ta a kan na'urar karantawa, lambobi suka cika fuskar kwamfutarsa kamar kiyashi, wasu layukan sun lalace. Lambobi ne tsura, babu bayani, don haka masu sha'awar tsofaffin kayan kiɗa suke bin su ta baya, umarni bayan umarni, har su gano abin da injiniyan Japan ya nufa shekaru 40 da suka wuce. Ya ba ni labarin Ken Shirriff na Amurka, wanda a 2021 ya bi hoton cikin ƙwayar sautin DX7 da aka ɗauka da madubin ƙara girma, ya gano tana kauce wa lissafin sau ta hanyar tarawa da duba jadawali. Ban fahimci rabi ba, amma na gane aikin haƙuri ne irin na mai warware zaren da ya cukurkuɗe.

Tunanina ya koma gida. Mu da muka tashi da kiɗan Musa Ɗanƙwairo mun san idan fatar kotso ta fashe, fata za a nemo a ɗaura, maƙerinsa yana nan cikin gari. Wannan fiyanon kuwa asirinsa yana Hamamatsu ta Japan, kuma an daɗe da daina ƙera shi.

Sa'armu ɗaya, matashin yana kwafe manhajar duk tsohon fiyanon da ya shigo hannunsa lafiya. Ya ɗauko ƙwaya mai 'yar tagar gilashi, ya goge ta da fitila ta musamman, ya zuba mata kwafin. Fiyano ya farka, har maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo.

Sai dai muryoyi 32 da ke ajiye a ciki sun tafi, har da wadda yaron ya yi makonni yana gyarawa don ta yi kukan algaita. Ƙaramin batir ne ke riƙe su, kuma ya mutu. Ita ta algaitar babu kwafinta a ko'ina.

Makaɗan Mafara, Bakura da Maradun, duk mai tsohon fiyano ya kai a kwafe masa abin da ke ciki tun yana da rai.